Keziah Buell da Gidan da Aka Juya

Keziah Buell ta shekara saba'in da bakwai a duniya, kuma duk wanda ya san ta a garinmu, in ka tambaye shi, abu biyu zai fara ambata: cukunta da tsakinta. Cukun har daga New Haven ake zuwa nemansa. Tsakin kuwa ba a nemansa, shi ke samun mutum inda yake. Mace ce mai ƙyanƙyami tun tasowarta, irin waɗanda in sun shigo gidanka hancinsu ke riga idonsu aiki. Tana zaune a coci za ta iya gaya maka wace ce a jerin baya ba ta tafasa tsumman tace madararta ba. Ba ta da ƙawaye da yawa, ba ta kuma taɓa kukan rashinsu ba.

Tana da shekara ashirin ta auri Ozias Buell, a 1781, ta tare a gidansu na kan tudu. Gidan irin na kakanni ne, kamar rabin gidajen wannan yanki na Connecticut a lokacin. Ta gaba bene ne, tagogi biyar a sama, huɗu a ƙasa da ƙofa a tsakiya, duk suna kallon kudu. Ta baya kuwa rufin ya taso daga ƙololuwa ya gangaro, ya yi ta gangarowa, har sai da ya zo inda mutum zai miƙa hannu ya taɓa bakinsa. Ba haka aka fara gina shi ba. Kakan Ozias ɗakuna biyu ya yi a ƙasa, biyu a sama, da ƙaton murhun bulo a tsakiya. Da 'ya'ya suka kai tara wuri ya yi kaɗan, bai tsaya dogon tunani ba, ya jingina dogayen itatuwa a bayan rufin ya ja su ƙasa ya rufe. Sai ga ɗakuna uku a ƙarƙashi: ɗakin girki a tsakiya, ɗan ƙaramin ɗaki mai ɗumi inda ake haihuwa ake jinya, da ɗakin madara a kusurwar arewa. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, daga baya ma tun daga tushe kafintoci ke gina gida haka.

Ranar da ta tare, ko hular kanta ba ta cire ba uwar mijin ta ja ta zuwa ɗakin madarar. Keziah doguwa ce. Tana sa kai, itacen rufin ya buge ta a goshi har idonta ya kawo ruwa.

"Sunkuya," in ji tsohuwar. "Nan ba a shigowa da wuya a miƙe. Kawo hannunki."

Ta kama tafin amaryar ta manna a bango. Watan Agusta ne, a waje karnuka sai haki suke a inuwa.

"Me kika ji?"

"Sanyi, Mama."

"To, shi ne arzikin gidan nan, ba gonar ba. Rana ba ta san wannan bangon ba. Can gaba take aikinta, tana ɗumama masu zaman banza. Nan iskar arewa ke zuwa, ta tarar rufi ya kwanta mata, ta hau ta wuce. Ki riƙe ɗakin da tsabta, shi kuma ya riƙe miki sanyi."

Keziah ba ta so tsohuwar ba ranar, ba ta kuma so ta ba har ta mutu, amma maganar ta zauna mata.

Shekara arba'in da biyar tana sunkuyawa a ƙofar nan. Saniya goma sha biyu ake tatsa. Madarar yamma ta kwana a faffaɗan kwanoni a kan kantocin katako da ke jikin bango, da safe a haɗa ta da sabuwa, a ɗumama, a zuba mata ruwan busasshen tumbin ɗan maraƙi ta daskare. Sai yankawa, sai tsamewa, sai gishiri, sai a naɗe a ƙyalle a danne da dutse. Kowane dunƙule ya kai nauyin yaron da aka yaye, kuma kowanne sai an juya shi kullum an shafe shi da man shanu har wata uku. Duk wannan wahalar a kan abu guda take tsaye: madarar yamma ta kai safe ba ta yi tsami ba, cukun kuma ya nuna a hankali cikin sanyi. In sanyin ya tafi, komai ya tafi.

Dokokinta kuwa, sai wanda ya zauna da ita. Ba a shiga ɗakin da takalmi. Ba a shiga bayan an taɓa albasa. Ozias mai taunar taba ne, don haka bai taɓa taka ɗakin ba tun ranar da ya zama nata. In yana da magana sai ya tsaya a ɗakin girki ya ɗaga murya, ta amsa masa ta bango. Ta haifi bakwai a ɗan ƙaramin ɗakin nan mai ɗumi, uku suka rayu. Mata biyun suka bi mazansu Ohio. Lyman, autan, shi ya zauna.

Da Ozias ya rasu aka karanta wasiyyarsa: gida da gona na Lyman ne, uwar kuwa tana da ƙaramin ɗakin, da ɗakin madara, da madarar shanun, muddin ranta. Haka mazanmu ke yi, su rubuta wa matansu ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, har da hanyar zuwa rijiya, don sun san irin 'ya'yan da suka haifa. Ozias ya tuna da komai, sai abin da bai taɓa zaton ɗan Adam mai hankali zai yi ba.

Titi ne ya kawo masifar. Tsohuwar hanya ta kudu take bi, a gindin tudun, tana kewaye duwatsu. Masu sabon titi kuwa suka ja layi a takarda, ɗoɗar, layin ya faɗo ta arewacin gidan, taku ashirin daga bangon baya. Sau biyu a mako keken doki mai ɗaukar matafiya ke wucewa, kuma abin da suke gani shi ne dogon rufi, da tarin itacen wuta, da bokitin abincin aladu, da ɗan ɗakin ba-haya. Mai tuƙa dawakin, wani ƙazami mai baƙaƙen haƙora, ya mai da abin wasan kullum. Da ya iso sai ya nuna da bulala ya ce, "Ga gidan Buell nan, ya duƙa ya juya mana ɗuwawu." Matafiya su bushe da dariya. Keziah ko a jikinta. Lyman kuwa kowace dariya sai ta kwana a cikinsa.

Ba mugu ba ne Lyman, kada a ɗora masa abin da ba nasa ba. Wawa ne kawai, irin wawan da ya je birni sau uku. Ya ga gidajen Hartford farare fes, gaba da baya tsayi ɗaya, sun jeru suna kallon titi, ya dawo yana jin kunyar gidan da aka haife shi. A can ma ya samo mata, Almira, 'yar wani mai kanti, ƙanƙanuwa, mai sanyin murya. Ranar da ta zo Keziah ta kama hannayenta ta shinshina, ta ji ƙamshin turaren fure, ta sake su kamar ta taɓa kwaɗo.

"Turare da madara ba sa zama ɗaki ɗaya," ta ce. "Iyakarki bakin ƙofa."

Almira ta kama ɗinki da gashin burodi da wanke-wanke. In ta wanke kwanonin madara ta kife su a rana, Keziah sai ta kwashe ta sake wankewa a gabanta da tafasasshen ruwa. Shekara huɗu ana haka.

Wata rana a ƙarshen bazarar 1826 suna cin abincin rana, Lyman ya share baki ya ce, "Mama, zan juya gidan."

Ta ajiye cokali. "Ka juya me?"

"Gidan. Gabansa ya kalli titi kamar na mutane. Masauki zan buɗe. Keken doki zai riƙa tsayawa a nan, amma ba wanda zai sauka a gidan da ya ba shi baya."

"Ka fasa ƙofa a bayan mana."

"Ƙofar da sai baƙo ya rusuna? Ya shigo ta ɗakin girki yana tsallake bokitin aladu?"

"Ɗakin madarata fa?"

"Naki ne. Ko ƙusa ɗaya ba zan zare ba. Zai zagaya tare da gidan, da kantocinki da komai."

Ta dube shi da kyau, ko za ta ga alamar wasa. Babu. "Lyman, in ka juya shi, dogon rufin nan kudu zai kalla. Rana za ta kwanta a kansa tun hantsi har yamma. Ka taɓa ganin an kwanar da madara a tanda?"

"Ai akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa."

"Inda kabeji da naman alade mai gishiri suke? Da cukun nan aka ɗinka maka wandonka na farko, yau kai ne za ka aika shi wurin kabeji?"

"Mama, zamani ya canza."

"Rana ma ta canza? Yanzu daga ina take fitowa?"

Ya ci gaba da cin wakensa. Ta ja wani dogon tsaki, ta tashi ta bar masa teburin.

Ba ta zauna ba. Ta fara zuwa wurin Eliakim Fenn, tsohon kafintan garin, wanda shi ya sake wa gidan allunan rufi sau biyu. Ta same shi a ƙofar shagonsa yana wasa gizago.

"Lyman ya riga ki zuwa," in ji shi. "Na ce masa ya fara juya kansa baya tukuna, ya ga ko zai iya tafiya. Kakan ubansa ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma ya san inda iska ke fitowa. Waɗannan kuwa sun yi makaranta."

"To ka hana shi, Eliakim."

"Da me? Ni dai na ƙi. Amma masu so suna nan. Akwai wasu a ƙetaren kogi da suka ja coci guda da shanu, kuma ba su taɓa tambayar dalili ba."

Ta je wurin fasto da dunƙulen cuku a kwando. Ya saurare ta, ya yi mata dogon bayani a kan haƙuri da matsayin ɗa namiji a gida, duk yana yi idonsa na kan kwandon. Da ya gama ta yi godiya, ta ɗauki kwandonta da abin da ke ciki ta koma gida.

A watan Oktoba, bayan an kwashe amfanin gona shanu sun huta, mutanen ƙetaren kogi suka zo. Murhun suka fara rushewa, don ba a juya gida da dutse a cikinsa. Kwana uku suna zubo da bulo. Baƙin hayaƙin shekara ɗari ya tashi ya shiga kowane lungu, da busassun tsuntsaye, da kashin jemage, har a cikin tulun gishiri. Keziah ta kwashe cukun shekarar ta kai rumbu ta lulluɓe, ta dawo ta wanke kantocinta sau uku tana yi tana tofar da yawu.

Ranar juyawa duk mazan garin suka hallara da shanunsu, bijimi sittin. A wurinmu ba a biyan maƙwabci irin wannan aikin, ciyar da shi ake yi a shayar da shi, don haka aka fasa gangar barasa tun kafin rana ta ɗaga. Suka ɗaga gidan daga tushensa da manyan ƙarafa, suka cusa gungume a ƙarƙashi, suka ɗaura sarƙoƙi. Sai aka nemi Keziah aka rasa. Tana ɗakin madara, zaune a kan 'yar kujerarta.

Lyman ya leƙo. "Mama, ki fito don Allah. Mutane na kallo."

"Ɗakina ne. Ka ce da shi za a zagaya. To, da ni ma."

Haka aka ja gidan tana ciki. Ta ji itatuwan suna kuka ɗaya bayan ɗaya, ƙasa na zubowa daga rufi, kwanoni na rawa a kan kantoci. A waje ana ta ihu wa shanu, ana zage-zage, wani na waƙar banza. Gidan zai matsa tsawon hannu ya tsaya, a sake gungume, ya sake matsawa. Kwana biyu aka yi, kwana biyun tana zaune. A rana ta biyu da yamma, wani siririn haske ya shigo ta 'yar tagar ɗakin ya kwanta a kan kanta ta uku. Ta miƙa hannu ta taɓa wurin. Da ɗumi. Ta goge hannun a rigarta.

Da ta fito ta tarar shanu sun tattake farfajiyar sun mai da ita kwatamin kashi, wani kuma ya yi amai a cikin 'yan ganyayen miyarta. Maza suna ta dukan bayan Lyman suna yaba masa. Eliakim kaɗai ya tsaya can nesa a kan katangar dutse, hannuwansa a aljihu.

Hunturun farko ya nuna wa Lyman aikinsa, sai dai shi ba mai gani ba ne. Iskar da ta saba hawa rufi ta wuce yanzu ta tarar da bango mai hawa biyu da tagogi tara, ta shiga dukansu ba dare ba rana. Ya sayo murhun ƙarfe har uku, suna ja zur, amma tawada na daskarewa a kan tebur. Dusar ƙanƙara ta taru a sabuwar ƙofar gaba har ta kai ƙugu. Matafiyan da aka juya gida dominsu sai su zagaya ta baya, su rusuna, su shigo ta ɗakin girki suna tsallake bokitin aladu.

"Kin gani ko, Mama?" Lyman ya ce wata rana. "Yanzu ɓangarenki ne mai ɗumi. Ke ce ma kika more."

Ita ba hunturu take tsoro ba, watan Yuni take jira.

Mayu ya wuce lafiya, har ta fara tunanin ko ita ce mai zuzuta abu. Sai Yuni ya shigo. Kafin tsakar rana rufin ya ɗauki zafi, itatuwan da suka shekara ɗari a bushe suka fara tsattsafo da ƙaro yana ɗiga. Zafin ya kwana a ɗakin bai fita ba. Da safe ta ɗaga marfin kwano, hancinta ya gaya mata kafin ta sa yatsa.

Ta yi duk abin da mutum zai yi. Ta jiƙa zannuwan gado ta rataya. Ta sa aka jera rassan itace a kan rufin, iska ta kwashe. Ta zura madara a rijiya, amma bokiti biyu kawai rijiyar ke ɗauka. Ta danne zuciyarta ta sauke dunƙule goma zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, cikin mako biyu suka yi koren gashi suna warin kabeji. A ƙarshe ta je ta roƙi ɗanta, ita da ba ta taɓa roƙon kowa ba, ya ba ta ɗaya daga ɗakunan gaba da yanzu ke arewa.

"Cuku a falon baƙi?" in ji shi. "Mama, darduma fa na shimfiɗa a ciki."

A watan Yuli cukun ya fara kumbura. Ya kumbura, ya tsage, mai ya riƙa tsiyayowa yana bin kantoci. Ƙudaje suka sami tsagar suka yi ƙwai. Wata safiya ta juya wani dunƙule sai ta ga 'yan fararen tsutsotsi suna tsalle. Keziah Buell, wadda ta hana mijinta ɗaki saboda taba, ta zauna da gashin tsuntsu tana tsintar tsutsa ɗaya bayan ɗaya, tana cusa barkono da man shanu a ramukan. Dunƙule fiye da arba'in ta kai wa aladu. Goma sha takwas suka rage da ba su nuna komai a ido ba. Ta san abin da ke cikinsu. Ta ci gaba da juya su tana shafawa, don ba ta san wani aikin da za ta yi da safiyarta ba, kuma don Satumba na zuwa.

A Satumba ne Mista Asahel Treat ke zuwa da amalankensa daga New Haven yana sayen cuku gida-gida. Yana da wani siririn ƙarfe a aljihu da yake sokawa ya zaro ɗan kaɗan ya ɗanɗana. Kowace mace a yankin sai an soka nata. Na Keziah kaɗai ne, shekara talatin da ɗaya, yake lodawa ba tare da ya taɓa aljihu ba, kuma duk garin an san haka. Ba ta taɓa yin alfahari da shi a baki ba. Ba ta bukata.

Ya iso wata ranar Talata da hantsi. Ta ji shi yana zagaya gidan yana dariya.

"Gwaggo Keziah, ina kuka kai ƙofar? Na ɗauka ni ne na sha da safe."

Ya cire takalmi kamar kullum, ya sunkuya ya shigo. Dariyar ta tsaya. Ya ja numfashi ta hanci sau ɗaya, ya dubi rufin, ya dubi jiƙaƙƙun zannuwan. Daidai lokacin Almira ta zo bakin ƙofa da kofin ruwan tuffa ta kawo masa, hannayen rigarta a naɗe don daga wanke-wanke take. Ta tsaya a iyakarta.

Mista Treat ya sa hannu a aljihu a hankali, kamar mai neman gafara. Ya zaro ƙarfen. Ya zaɓi dunƙulen da ya fi kyau ya soka. Ko bakinsa bai kai ba, warin ya cika ɗakin. Ya fito da ƙyalle ya goge ƙarfen, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya dubi tsohuwar da ta rame ta ranƙwafa, ya dubi yarinyar da ke bakin ƙofa da jiƙaƙƙun hannuwa, fuskarsa ta saki kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Af, yanzu na gane. Ashe bana kin huta, Gwaggo Keziah, kin bar wa matar ɗanki." Ya juya ga Almira da murya mai taushi. "Kada ki damu, 'yata. Kowa da haka ya fara. Ki dai tsaya kusa da surukarki, ba irinta a duk jihar nan."

Almira ta dubi Keziah sau ɗaya, ta sauke ido.

"Haka ne, Mista Treat," ta ce. "Ni ce. Ban iya ba tukuna."

Keziah ta buɗe baki. Maganar na nan a kan harshenta, gajeriya: aikin hannuna ne, yarinyar ba ta taɓa taka ɗakin nan ba. Tun da take ba ta taɓa jin tsoron faɗa wa mutum gaskiya ba, fasto ne ko gwamna. Mista Treat na kallonta da irin girmamawar da ya saba. Sai ta ji muryarta ta fito da kanta.

"Yaran yanzu," ta ce. "Sai haƙuri."

Ya gyaɗa kai, ya sha ruwan tuffarsa, ya sa takalmi, ya ce sai baɗi in da rai. Ba da mugunta ba, a kowane gida ya tsaya ranar sai da ya ba da labarin.

Da ƙarar amalanken ta yi nisa, Almira ta ɗauki kofin daga inda ya ajiye.

"Mama, in kai wa aladu sauran?"

"Me ya sa kika faɗi haka?"

Almira ta juya kofin a hannunta. "Ni ba ni da sunan da zai ɓaci, Mama."

Ta tafi. Keziah ta tsaya a ƙarƙashin rufin mai zafi, cikin warin da ta sha wata uku tana shaƙa, ta gane cewa abin da ke tayar mata da zuciya yanzu ba daga kantoci yake fitowa ba. Ta fita ta durƙusa a bayan tarin itace ta yi amai. Ta ɗebo ruwa ta kurkure baki, ta sake kurkurewa, ta sake.

Ba ta ƙara yin cuku ba. Ta ce wa Lyman hannuwanta sun gaji, ya sayar da rabin shanun, ya mai da ɗakin madarar wurin ajiye akwatunan matafiya. Ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, kuma Almira ce ta yi jinyarta a ƙarshe, ta juya ta, ta wanke ta, ta ba ta abinci a baki. A garinmu kuwa magana ta riga ta zauna. In aka yanka cuku aka tarar ya lalace, sai a ce na Almira ne, a yi dariya. Keziah ta ji ana faɗa sau da yawa, a ƙofar coci, a kanti, har a kan teburin gidanta, Almira na tsaye tana zuba wa baƙi shayi. Ba ta taɓa gyara musu ba.